Sahel Sounds, Gidan Faifan da Ya Bi Sawun Masu Waƙa

Cikin duk kamfanonin faifai da na sani, manya da ƙanana, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar Sahel Sounds. Ina faɗin haka da ƙarfin murya, kuma mai faɗin mutumin Talata Mafara ne da kunnensa ya buɗe da kotson Ɗanƙwairo da kukumar Hassan Wayam. Kamfanin ƙarami ne ƙwarai, mai zaman kansa, babu wani babban kamfani a bayansa. Mazauninsa birnin Portland ne a jihar Oregon, can ƙuryar yammacin Amurka, nesa da Azbin iyakar nisa. Amma hidimar da ya yi wa kiɗan rawa na ƙasashenmu tun daga 2009, daga Muritaniya zuwa Bamako, daga Agadas zuwa Kano, ban ga wanda ya yi irinta ba.

Mai kamfanin wani Ba'amurke ne, Christopher Kirkley. Ya shigo Afirka ta Yamma da 'yar na'urar ɗaukar sauti da jita, ya yi kusan shekara biyu yana yawo tsakanin Muritaniya da Mali da Nijar, yana naɗar kiɗan duk wanda ya yarda ya kaɗa masa. Turawa masu irin wannan yawo ba sabon abu ba ne, an sha ganinsu tun zamanin garmaho. Abin da ya raba shi da su ya faru ne a Kidal, arewacin Mali. Ya lura cewa samarin da yake bi da na'urarsa suna da taskar waƙoƙi a aljihunsu wadda ta fi tasa nesa ba kusa ba. Kowa da wayarsa, kowace waya da memori, kowane memori cike da waƙoƙin da ba su taɓa shiga kanti ba, ba su taɓa hawa rediyo ba, suna tafiya daga hannu zuwa hannu ta Bluetooth. Sai ya zauna ya shiga musaya da su, ya ba su abin da ke cikin kwamfutarsa, su ba shi abin da ke cikin wayoyinsu.

Mu nan wa zai ba mu labarin wannan? Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Talata ya san rumfar masu tura waƙa: janareta yana ruri, wayoyi jere suna caji, yaro zaune gaban kwamfuta, mutumin ƙauye ya miƙa memori ya ce, “Ɗana, cika min shi, ka haɗa da na dambe da na fada, ka sa wa uwargida na biki.” Haka waƙa ke tafiya a ƙasar nan, daga Mafara ta shiga Bakura, ta bi masu kayan gwari na Bakolori ta faɗa Maradun, ta tsallaka Illela ta kwana Ƙonni. Mun saba da abin har mun daina ganinsa. Kirkley ya gan shi da sabon ido, ya gane cewa ainihin kasuwar kiɗan Sahel ke nan, kuma abin da mutane suka zaɓa da kansu suka adana a wayarsu ya fi abin da baƙo zai zaɓa musu.

Daga nan aka sami faifan Music from Saharan Cellphones, wanda ya fito a 2011. Da a ce kwashe waƙoƙin ya yi ya buga ya sayar, da ba zan ɓata tawada a kansa ba, domin masu yin haka sun cika duniya. Abin da ya sa nake cire masa hula shi ne wahalar da ya ɗora wa kansa kafin faifan ya fito. Waƙar da ke yawo a memori yawanci ba ta da suna. Wata lamba ce kawai, wata an rubuta mata sunan wani daban, wata sunan garin da aka turo ta. Mutumin nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da kiran waya, da Facebook, da tambayar direbobi da abokai, har ya gano masu su, ya nemi izininsu, ya rubuta sunayensu a bangon faifan, aka kuma ware musu kashi 60 cikin ɗari na abin da aka samu. Daga baya tsarin kamfanin ya zauna a kan raba riba biyu, rabi na mawaƙi, rabi na kamfani. Ku tambayi kowane tsohon makaɗi a Zamfara ko ya taɓa jin mai kaset ya yi masa irin wannan lissafi.

A cikin wannan faifai akwai wata waƙa mai suna Tahoultine, kuma a kanta ne zuciyata ta fara bugawa da sauri, domin 'yar gida ce. Mai ita wani Buzu ne ɗan ƙasar Abalak da Cintabaraden a jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yanzu da Mdou Moctar. Bahago ne. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa. A 2008 ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato, tafiyar da ba ta wuce sa'a biyu a mota daga inda nake zaune ba, ya shiga situdiyo irin wanda ake buga waƙoƙin fim da na biki, ya naɗi kundinsa na farko, Anar. Ku saurari wannan kundi don Allah. Jitar ta Azbin ce, harshen Buzanci ne, amma gangar na'ura ce irin tamu, muryar kuma an bi ta da Auto-Tune har tana lanƙwasa tana walƙiya kamar ta mawaƙan Kano na wancan lokaci. Duk Bahaushen da ya ji zai ce ya san wannan ɗanɗano. Hannun masu situdiyon Sakkwato ne a ciki dumu-dumu. Abin da suka saba yi wa mai waƙar amarya shi suka yi wa Buzu mai jita, sai aka haifi wani sauti da ba a taɓa ji ba, mai kaɗaici da daɗi lokaci guda, mai sa ƙafa motsi ko mutum bai shirya ba.

Kundin bai fito a kanti ba. Wayoyi ne suka ɗauke shi, ya ratsa hamada har Kidal, inda ya faɗa kunnen Kirkley. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai muryar, da ya gano shi kuma ya taso takanas ya zo Nijar, ya riƙo masa jita ta bahagwai. Daga nan aka jera aiki. Afelan ya fito a 2013, an naɗe shi a Cintabaraden cikin jama'a, kana jin tafi da hayaniyar 'yan kallo. A 2014 aka buga Anar ɗin nan na Sakkwato a faifai, abin da ya sa har gobe akwai mutane a Jamus da Japan da ke da aikin situdiyon Sakkwato a ɗakinsu suna tattalinsa. A 2015 suka yi fim a Agadas, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, da harshen Buzaye, wanda aka gina a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince: saurayi mai jita da babur, uba mai ƙin kiɗa, abokan hamayya, budurwa. Mu da muka ga yadda Kano ta ɗauki fim ɗin Indiya ta sa masa hula da zane ba mu ga baƙon abu a nan ba, mun dai ji daɗi. Sai kuma Ilana a 2019, wanda aka naɗa a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, Ahmoudou Madassane yana riƙe da jita ta biyu. Wayyo, Ilana! Yatsun Mdou a wannan faifai ba sa taɓa ƙasa. Ganga tana sukuwa, tana ƙara wuta a hankali har sai ka ji numfashinka ya sauya, jitar kuma tana hawa tana sauka ba ta gajiya. In na sa shi a mota a hanyar Gusau sai na riƙa duba allon gudu, don ƙafa takan bi kiɗan.

Bayan Ilana, Mdou ya koma Matador, kamfanin da ya fi girma, inda ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Wasu masoya sun ji zafin tafiyar. Ni murna na yi. Ƙaramin gida ya ɗauko yaro daga memorin waya ya kai shi inda manyan dandamalin duniya ke rububinsa, ai aikin ya yi kyau ke nan.

Yanzu bari in zo kan faifan da ya fi shafar mu kai tsaye. A 2013 Sahel Sounds ta fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Kano. Ku tuna yadda ake kallon waɗannan waƙoƙi a lokacin, har ma yanzu. Malamai na suka, 'yan boko na taɓe baki, masana adabi na cewa kiɗan fiyano ya kashe kalangu, ana kiransu nanaye da sigar raini. Amma a gidan biki su ake sa wa, a wayar kowace budurwa su ne, mai shayi da ɗan acaɓa su suke bi da baki. Kirkley ya je Kano, ya shiga situdiyoyin, ya zauna da masu aikin, ya fito da faifai mai bango mai kyau da bayani a kan yadda finafinan Indiya suka yi shekaru suna shiga jinin Hausawa har suka haifi wannan salo. A ciki akwai muryar Fati Nijar, 'yar Maraɗi da ta zama gimbiya a Kano, da waƙarta Girma Girma. Ranar da na fara jin wannan waƙa daga faifan, da sauti tas babu ƙura, sai na ji kamar ban taɓa jin ta ba, alhali ta yi shekaru tana tashi a kowane lungu na Mafara. Ashe akwai ƙananan abubuwa a ƙarƙashin muryar da lasifikar waya ke haɗiyewa: yadda mai fiyano ke kwaikwayon kalangu da yatsa, yadda sarewar na'ura ke amsa wa mawaƙiya. Gwaninta ce tsantsa, ta yaran da suka koyi aikin da kunne a ɗakuna masu zafi, wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa. Faifan nan ya sa na daina jin nauyin cewa ina son waƙar fim.

Wani abin da ke burge ni da kamfanin shi ne bai ɗauka cewa kiɗan Afirka dole sai da ƙwarya da fata ba. Shekaru da yawa masu sayar da kiɗanmu a Turai suna neman abin da suke kira na gargajiya, in suka ji na'ura sai su kau da kai. Sahel Sounds ta rungumi na'urar, kuma babban shaida shi ne Mamman Sani. Wannan dattijo na Yamai ya yi aiki da UNESCO, a cikin tafiye-tafiyen aikin ya sayi wata fiyano ta lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya dawo gida ya zauna yana juya waƙoƙin Fulani da Buzaye da sauran kabilun Nijar a kanta. A 1978 ya naɗi kundi a gidan rediyon ƙasa. Kaset ɗin bai yaɗu ba, kwafi kaɗan aka yi, amma kiɗan ya zama abin da rediyo da talabijin na Nijar ke sakawa tsakanin shiri da shiri shekara da shekaru, har mutanen ƙasar suka haddace shi ba tare da yawancinsu sun san mai shi ba. A 2013 Sahel Sounds ta buga shi da sunan La Musique Électronique du Niger, dattijon kuma ya hau jirgi ya je Turai yana kaɗa wa jikokin sa'o'insa. Kiɗan a natse yake, mai sanyi, yana zagayawa a hankali. In dare ya raba, garin ya yi tsit, shi nake sawa. Waƙar Salamatu kaɗai ta isa a ce mutum ya yi aiki a duniya.

Sai magajinsa a wannan fage, Hama, shi ma na Yamai, wanda tuƙin mota ne sana'arsa kafin a san shi. Ya fara da fiyano ƙirar Yamaha, kiɗansa ya bi memori ya cika Nijar babu suna babu hoto. Kamfanin ya fitar masa da Torodi a 2015, sannan Houmeissa a 2019, wanda ya haɗa a kwamfuta. In ana maganar kiɗan rawa na lantarki, to ga shi nan tsagwaronsa. Babu waƙa, babu murya, karin jitar Buzaye da na makiyaya ne aka zuba cikin na'ura, aka ɗora a kan bugu mai nauyi da ke tafiya kamar ba zai ƙare ba. Na taɓa sa Houmeissa a wurin walimar wani ƙanena bayan an watse daga cin abinci. Wata gwaggonmu da ba ta shiri da kiɗan zamani ta leƙo ta ce, “Kai ɗan nan, wannan na wace ƙasa ne?” Na ce, “Gwaggo, na Nijar ne.” Ta ce, “Shi ya sa,” ta koma ciki tana gyaɗa kai.

Sauran kayan gidan suna da yawa, ba zan iya bin su duka ba. Akwai tarin Balani Show na Bamako, kiɗan da matasa ke rufe titi da shi, balafon na na'ura da gudu kamar an kunna wuta. Akwai Luka Productions, shi ma na Bamako. Akwai Ahmedou Ahmed Lowla na Muritaniya da fiyanonsa ta bukukuwan aure. Akwai Azna de l'Ader, tsofaffin 'yan jita na Tawa a ƙasar Adar, 'yan uwanmu na jini, waɗanda suka yi shekaru suna tsage jita irin ta Jimi Hendrix a garinsu kafin faifansu Zabaya ya fita duniya. Akwai Les Filles de Illighadad, 'yan matan wani ƙauye kusa da Abalak, ƙarƙashin Fatou Seidi Ghali, ɗaya daga cikin matan Buzaye ƙalilan da suka ɗauki jita. Faifansu na farko na 2016 a fili aka naɗe shi, gefe ɗaya jita, ɗaya gefen kuma tende, wato turmin da ake ɗaure wa fata mata su kewaye shi da tafi da guɗa. Duk wadda ta taɓa yin gaɗa a dandali za ta ji jikinta ya amsa.

Amma in aka ce in ɗauki ƙungiya ɗaya in bar saura, Etran de l'Aïr zan ɗauka, ko da Mdou zai yi fushi. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da ɗan baffa, daga Agadas, suna kiɗa tun 1995. Makaɗan biki ne na talakawa, waɗanda ake kira in an ɗaura aure ko an yi suna a unguwar da ba ta da kuɗin ɗaukar manyan taurari. Faifansu na farko, No. 1, ya fito a 2018, kuma a ƙofar gidansu aka naɗe shi, yara da maƙwabta sun taru, guɗar mata tana ratsa kiɗan. Agadez ya biyo baya a 2022. Jita uku suna saƙa, ɗaya ta ja zare, ɗaya ta gitta, ɗaya ta cike, mai ganga kuma yana kora su gaba babu sassauci. Ba su da fushin da ke cikin kiɗan Buzaye na gudun hijira da tawaye. Farin ciki ne zalla, irin na ranar da aka kawo amarya. Kuma saboda Agadas mahaɗa ce, za ka ji ƙamshin Hausa da Zabarma har da na Kwango a cikin saƙar. Ban taɓa sa Agadez na kai ƙarshensa a zaune ba.

A 2020, shekarar da annobar korona ta rufe iyakoki ta hana makaɗa fita, kamfanin yana cikin wani shiri mai suna Music from Saharan WhatsApp. Kowane wata ƙungiya ɗaya za ta naɗi 'yan waƙoƙi da wayar hannu, ta tura ta WhatsApp, a ɗora a Bandcamp na tsawon wata guda, duk abin da aka saya kuma ya tafi aljihun masu kiɗan gaba ɗaya. Etran ne suka buɗe shi a watan Janairu. Dabarar ta zo a kan gaɓa, domin watanni kaɗan bayan haka bukukuwa suka tsaya cak. Na tuna da wannan shiri sosai a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako. Makonni muna zaune babu kira babu intanet. Abin da ya rage wa mutane na ɗebe kewa shi ne abin da ke cikin memori, sai aka koma tura wa juna waya da waya kamar da. A waɗannan darare na ƙara gane cewa abin da Kirkley ya gani a Kidal ba wasan yara ba ne. Taskar talaka ce, wadda ba ta jiran kowa ya kunna mata layi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma an faɗa, har a gaban shi mai kamfanin: ga Bature ya sake zuwa ya kwashi kayanmu, shi ke zaɓen wanda duniya za ta ji, shi ke riƙe da ƙofa. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Gaskiya ne faifan roba da ake bugawa a Amurka ba mutumin Bakura ne ke sayensa ba, kuma kunnen mutum ɗaya, komai kyansa, ba zai wakilci Sahel ba. Amma ina auna mutum da abin da ya aikata. Ya nemi izini. Ya rubuta suna. Ya raba kuɗi. Ya nemo biza ya kai makaɗa inda za su yi wasa a biya su. Waɗanda suka girma suka fi ƙarfin gidansa ya sake su suka tafi. In akwai ɗan ƙasa da ya yi wa makaɗanmu haka, a nuna mini shi in rubuta masa abin da ya fi wannan tsawo.

A nan ne kuma ƙaunar da nake wa wannan kamfani take haɗuwa da wani ciwo da ke raina. Ƙasar nan tamu, tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, ƙasar kiɗa ce da babu kamarta a Hausa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi, ya gaji kiɗa wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi zamani da wansa Kurna, sunansa ya manne da Maradun, ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, har ya rasu a 1991. Duk wanda ya ji yadda 'yan amshinsa ke karɓe waƙa daga bakinsa, wani ya ƙara, wani ya sarƙa, kotso yana magana a ƙasa, ya san cewa tsari ne mai zurfi da ya isa a karanta a kowace makarantar kiɗa. Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, daga Faru ta ƙasar Maradun ya fito, kuma manyan waƙoƙinsa na Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo ne, wanda ya riƙe Talata Mafara shekaru kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Hassan Wayam, mai kukumar da ta sa Zariya da Kaduna rawa, shi ma ɗan ƙasar Maradun ne. Ba a maganar makaɗan noma da na dambe da zabiyoyin biki da sunansu bai wuce gundumarsu ba.

Ina muryoyin nan suke yau? Wasu suna ɗakunan ajiya na Rediyon Kaduna da Rima Rediyo. Wasu suna tsofaffin faya-fayan EMI da suka warwatse. Mafi yawa suna yawo a memori, an kwafo daga kaset da aka kwafo daga wani kaset, sauti ya dushe, farkon waƙa ya gutsure, an liƙa wa waƙar Kurna sunan Ɗanƙwairo, ta Sa'idu Faru an ce ta Narambaɗa ce. Na taɓa sayen memori da aka ce duk Ɗanƙwairo ne, na tarar kusan rabi ba shi ba ne, mai turawar kuma bai san ya yi kuskure ba, haka shi ma ya samu. Masana sun yi nasu ƙoƙari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗan nan da matanin waƙoƙinsu, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana tattara sauti yana adanawa. Abin da ya rage shi ne aikin gidan faifai: a nemo naɗi mafi tsabta, a wanke shi, a tantance shekara da wurin da aka yi, a je Maradun a zauna da 'ya'ya da jikoki a yi yarjejeniya a rubuce, a fitar da abu mai kyan gani da kyan ji, kuɗin kuma ya koma gidan da waƙar ta fito.

Sahel Sounds ta nuna cewa wannan aiki ba ya bukatar miliyoyi ko ofishin gwamnati. Da na'urar ɗaukar sauti ɗaya aka fara shi, da kunne, da naci, da riƙon amana. Muna da yara a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau nan Mafara da suka san kwamfuta fiye da yadda Kirkley ya san ta a 2009, kuma suna da abin da ba shi da shi, wato harshen, da sanin gidan da za a yi sallama. Da ni ke da zaɓi, da kukumar Hassan Wayam za a fara, domin ita ce kiɗan rawar da za ta kama kunnen baƙo tun bugun farko, yadda Anar ya kama. A zaɓi waƙa takwas, huɗu kowane gefe, a sa hotonsa da kukumar a kafaɗa, a bayan bangon kuma a jera sunan kowane mai kalangu da kowane ɗan amshi da ya tsaya a bayansa ranar da aka naɗa.